Tsawon da Na Ƙara Masa

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bibiyar shafin nan. Na ga saƙonninku. Na ga masu cewa "Bushira lafiya kika yi shiru haka?", na kuma ga wadda ta rubuto wai ko an sa rana ne nake ɓoyewa. Baiwar Allah, da an sa rana ai da kun gaji da jin bakina. Shirun kunya na yi. Yau dai na ce bari in zauna in faɗa muku abin da na aikata da ɗan yatsana guda, in ya so ku zage ni in huta, don zagin da nake wa kaina ya ishe ni.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Bushira, 'yar Malam Balarabe ta cikin garin Kiru. Shekarata ashirin da uku, ina ɗinkin hula, ina ɗan kiwon kaji a bayan ɗakin Inna. Kuma ni doguwa ce, irin dogayen da ake kira in za a sauko da kwano daga saman kabad. Ku riƙe wannan, za ku ga amfaninsa a gaba.

Mujitaba kuwa ɗan garin Ba'awa ne. Shekara biyu ke nan yana zuwa wajena a kan kekensa, duk Litinin da Juma'a bayan la'asar. Yana da difloma a ƙasan akwati, da gona ɗaya da suke nomawa shi da 'yan uwansa biyar. Ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. In ya yi dariya idanunsa har rufewa suke. Abu ɗaya ne, in muka miƙe tsaye a zaure, na fi shi da yatsa huɗu cif, kuma babu wanda bai lura ba a gidanmu.

Kakata Iya Tani ce shugabar masu lura. Da ta ji ƙarar keke za ta leƙo da carbinta.

"Mijina, ashe ka zo? Ban hango ka ba, na ɗauka keken ne ya kawo kansa."

Shi kuma ya durƙusa yana dariya. "Iya, ai ke ce daidai ni. Wannan doguwar ki bar wa masu tsinkar mangwaro."

Kowa ya yi dariya, ni ma in yi. Amma tunda na ce gaskiya zan faɗa yau, to dariyar nan tawa ba ta taɓa kai wa ciki ba. Ina son sa, Allah ya sani, sai dai duk sanda aka yi wasan nan sai in ji wani abu ya ɗan soke ni a ƙasan zuciya, in danne.

A tsakiyar damina Baba ya kira ni, Inna na zaune a gefe tana tsintar wake.

"Bushira, yaron nan ba ni da abin zargi a kansa," in ji Baba. "Amma shekara biyu, tabarmar zauren ma ta gaji. Ba dukiya na ce ya kawo ba, abin yi na ce. Ki gaya masa, in an gama kaka, ko ya turo manyansa da aiki a hannu, ko ya ba ki wuri ki saurari wani."

Na ce, "To, Baba." Me zan ce? Na shiga ɗaki na yi kukana.

Kamar Allah ya ji kukan, sati biyu bayan nan sunan Mujitaba ya fito a cikin waɗanda suka ci jarrabawar wani aikin ɗamara. Ba zan faɗi wanne ba. Abin da ya rage shi ne tantancewa a Kano: a duba lafiya, a auna tsawo, a yi gudu. Tsawon ya riga ya je asibiti an auna shi, ya zo min da murna yana cewa santimita ɗari da sittin da takwas, ya tsallake da ƙyar. Gudun ne abin ji. Takardar ta ce kilomita uku cikin minti goma sha huɗu. Kuma bana ce shekararsa ta ƙarshe, in an ƙara buɗewa baɗi shekarunsa sun wuce.

"Gudu ba ya ba ni tsoro," ya ce min. "Matsalar ban san inda kilomita uku take ƙarewa ba. Hanyar gona ba a rubuta mata lamba."

Maganar nan ce ta tsaya min a rai. Na kama kajina biyu na ba da aka sayar, ranar da muka je dubiya Kwanar Dangora ni da Inna na ratse rumfar yayana, Yaya Ghali, mai gyaran waya. Na yi masa bayani, ya janyo wani ɗan kwali daga ƙasan tebur. Agogo ne baƙi, mai maɗaurin roba, fuskarsa kamar ta ƙaramar waya.

"Na masu motsa jiki ne," ya ce. "Yana ƙirga taku, ya faɗi nisan da mutum ya yi da lokacin da ya ɗauka. Amma sai an haɗa shi da babbar waya."

"Ta Mujitaba ai mai madanni ce."

"To haɗa da taki mana. Ki sauke manhajar, ki cike abin da ta tambaya, shi ke nan." Wani mai babur ya miƙo masa fasasshiyar waya, hankalinsa ya koma can.

Da yamma ina ɗaki ina fama da manhajar sai ga Kaltume. Kaltume 'yar Gwaggona ce, taubashiyata, bakinta ba ya gajiya. An sa ranarta da wani Adamu direba, dogo sambal, kuma tun da aka sa ranar nan ba mu huta ba. Ta haye gadona, ta miƙe ƙafafu lallenta na bushewa, tana shan rake tana leƙen wayata.

Manhajar ta tambayi suna, na rubuta. Ta tambayi shekaru, na rubuta. Nauyi, na rubuta abin da ke jikin takardar asibitinsa. Sai ta tambayi tsawo.

Kaltume ta tofar da ɓawon rake. "Yauwa, an zo wajen. Rubuta masa kamu uku da ɗan yatsa."

"Ke dai ba ki da aiki."

"Wallahi ki rubuta in gani. Adamu ɗari da tamanin ne da ɗoriya, a lasisinsa na gani. Naki fa? Ko wayar ba ta karɓar ƙananan lambobi?"

Na riga na danna ɗaya, na danna shida. Na ji numfashinta a wuyana. Sai na goge shidan, na danna takwas, na ƙara takwas, na juya mata fuskar wayar.

"Ɗari da tamanin da takwas. Nawa ya fi naki."

Ta kwashe da dariya har tana dukan katifa. "Ƙarya ta ƙare a kanki, Bushira! Ko da hula da takalmi da keken?"

"A wayata dai dogo ne."

Wasa ne. Na rantse muku a lokacin wasa ne, niyyata in ta fita in gyara. Amma da ta tafi na buɗe shafin, na ga sunansa a sama, a ƙasa an rubuta 188, sai na tsaya ina kallo. Abin ya yi min kyau. Na ce a raina wa zai gani, wa zai cutu? Na ɗauka irin tambayoyin nan ne da ake yi don a cika shafi kawai. Na kashe wayar na tashi na ɗora tuwo.

Washegari na ɗaura agogon a hannuna don in gwada kafin in ba shi. Na manta da shi, na hau dakan geron fura. Ina cikin luguden sai na ji abu ya yi zirr a tsintsiyar hannuna. Na duba. Wai na yi taku dubu biyu da wani abu, na yi tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi. Ni da ko taku ɗaya ban matsa daga gindin turmi ba!

Na nuna wa Inna. Ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ashe shekara talatin ina tafiya ban sani ba. Da yanzu ai na isa Makka a ƙafa."

Muka yi ta dariya har Iya Tani ta fito tana tambayar wa ya haihu. 'Yan uwa, mai hankali a nan zai tsaya ya ce, abin da bai bambance daka da tafiya ba, ta yaya yake sanin nisa? Ni ban tsaya ba. Na goge lissafin, na sa shi a caji, na naɗe shi a sabon hankici.

Ranar Juma'a na ci kwalliya. Atamfata ruwan ganye mai zanen ganyen kuka, mayafi ruwan madara, kwalli, na turara jikina har Inna ta ce ko gobara ce. Na haɗa zoɓo da abarba da ƙanƙarar da na aika aka sayo. Ya zo cikin shaddarsa ruwan toka da hular da na ɗinka masa da sallah. Na miƙa masa hankicin. Ya buɗe, ya riƙe agogon da hannu biyu kamar an ba shi jariri.

"Bushira," ya ce a hankali, "ina kajinki?"

"Sun ce a gaishe ka."

Ya yi dariyar nan tasa mai rufe ido, sannan ya ce, "In Allah ya yarda ba zan ba ki kunya ba."

Daga nan muka shiga wata sabuwar rayuwa. Kullum bayan asuba zai tashi daga bayan firamarensu, ya bi hanyar gonaki tsakanin dawa da masara, har agogon ya yi masa zirr ya ce uku sun cika. Daidai wata tsamiya yake cikawa, kusa da rugar wani Bafulatani Maikano. Kafin in gama sharar tsakar gida saƙo ya shigo.

"Slm ranki ya daɗe. Yau 15:40. Da saura."

Bayan sati: "14:25. Na kusa."

Bayan wani satin: "13:30 Alhamdulillah!!! Ki gaya wa Iya mijinta ya zama barewa."

Ranar zance kuma zai ciro agogon ya miƙo, in haɗa shi da wayata, zane ya fito, layin lokaci yana ta gangarowa ƙasa. Mu haɗa kai muna kallo, shi daga can gefen tabarma, ni daga nan. Ban taɓa jin daɗin zance kamar na watan nan ba. Har launin labulen ɗakina na fara zaɓa a zuci.

Sai wata Litinin ya zo yana ta jujjuya kofin zoɓo bai sha ba.

"Ni fa wani abu na ɗan damuna," ya ce. "Hanyar nan tun ina yaro nake bin ta da jaki. Zuciyata ba ta ba ni daga firamare zuwa tsamiya ya kai uku ba. Ina tunanin in ari igiyar Malam Sabo, wadda yake auna gonaki da ita in za a raba gado. Mita hamsin ce. In na ja ta sau sittin, ka ga na tabbatar."

Ku ji abin da na yi. Na tsuke fuska, na kau da kai.

"Wato igiya. Na sayar da kajina na sayo maka na'urar da Turawa ke gudu da ita, kai kuma igiyar rabon gado ka fi yarda da ita."

"Ba haka ba ne, Bushira."

"Haka ne mana. Ka je gari ya gan ka kana jan igiya a hanya kamar mai neman akuya, a ce budurwarsa ta saya masa jabu. In ba ka so ka ba ni abina."

Har da ɗan hawayena, ni 'yar banza. Ya rikice, ya ajiye kofin, ya shiga ba ni haƙuri.

"Allah ya huci zuciyarki. Na bar maganar igiya. Abin da ya fito daga hannunki ai ba zai cuce ni ba."

Wallahi ko a lokacin lambar nan ba ta faɗo min a rai ba. Ban haɗa ta da nisan hanya ba ko kaɗan. Fushina kawai na kada a raina kyautata ne. Ya kuwa bar maganar. Da ya ga yana shiga da minti goma sha uku, wato yana da rarar minti guda cur, sai ya sassauta a kwana goman ƙarshe, ya ce bari ya huta wa ƙafafunsa, ya koma taya 'yan uwansa karyar masara.

Ana gobe tantancewa ya hau mota a Kwanar Dangora. Washegari ni kuma na tashi da azumi. Iya Tani ta zauna a kan dardumarta tun hantsi tana ja masa carbi, tana cewa Allah ya ba mijinta ƙafar zomo. Ƙarfe goma, shiru. Sha biyu, shiru. Na duba wayar nan ya fi sau ɗari, na zare ta daga caji na mayar. Sai bayan azahar ta yi ƙara, saƙonsa ya shigo.

"Allah bai yi ba."

Na kira, bai ɗauka ba. Na sake, sai a na uku na ji muryarsa, a dishe, da hayaniyar tasha a bayansa.

"Lafiya na wuce, tsawo na wuce," ya ce. "Aka busa usur muka tashi. Ina cikin tafiya agogo ya yi zirr, na duba, uku sun cika, minti sha uku. Na ɗaga kai, Bushira, sai na hango tutar da aka kafa a ƙarshen gudun tana can gaba da nisa. Ƙafata kuma ta saba a nan take tsayawa. Na ja ta, na ja ta, ƙirjina kamar zai tsage. Sha huɗu da daƙiƙa hamsin na shiga. Aka ce mu koma gefe."

Ban san me na ce masa ba. Na dai san na zauna a ƙasan ɗaki, Inna ta shigo ta karɓi wayar daga hannuna.

Kwana biyu na yi ina tafasa, a na uku na zura hijabi na hau mota sai Kwanar Dangora. Ko gaisuwar kirki ban yi wa Yaya Ghali ba.

"Yaya, jabu ka sayar min! Ka kashe masa aiki, ka kashe min aure!"

Ya kalle ni, ya janyo min benci. "Zauna tukuna, ki rage murya, kasuwa ce nan. Me ya faru?"

Na faɗa masa komai, har da dakan gero. Ya gyaɗa kai.

"Dakan ba abin mamaki ba ne. Kin ga agogon nan iri biyu ne. Akwai manya masu magana da tauraron ɗan'adam, su suna bin mutum a kan hanya, suna ganin daga ina ya tashi zuwa ina, su ma ɗin sukan ɗan kauce. Wannan naku kuwa bai ga hanya ba sam. Wani ɗan abu ne a cikinsa mai jin girgiza. Hannu ya yi gaba ya dawo, ya ce taku ne. Shi ya sa taɓarya ta ruɗe shi."

"To nisan fa, a ina yake samowa?"

"Lissafi yake. Taku nawa, sau faɗin taku ɗaya. Faɗin takun kuma bai auna ba, kintata yake daga tsawon mutum, don dogo ya fi gajere buɗa ƙafa. Yakan yi kuskure, amma ɗan kaɗan, ba irin wannan ba. Kawo wayar in gani."

Tun kafin ya rufe baki lambar nan ta faɗo min a rai. Na miƙa masa wayar. Ya danna nan, ya danna can, ya tsaya. Ya matso da ita kusa da idonsa.

"Ɗari da tamanin da takwas? Mujitaban?"

Na kafa wa ƙasa ido.

Ya ɗauki biro ya yi ɗan lissafi a bayan kwali. "An gaya wa agogo ƙafar dogo ce. Duk taku ɗaya sai ya ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin takwas. In ya ce uku, biyu da 'yan kai ne, wajen mita ɗari uku da wani abu babu su." Ya ajiye biron. "Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, Yaya."

"Hannunki ne ya zame?"

Na girgiza kai. Hawaye ya ɓalle min a gaban masu sayen caja. Bai yi min faɗa ba, na so ma ya yi. Ya dai miƙo min wayar ya ce, "Danna biyu ne a gyara, babu wanda zai taɓa sani. Amma ba da hannuna ba. Tashi in sa ki a mota."

Sati guda na yi da wayar nan. In buɗe shafin, in ɗora yatsa a kan lambar, in janye. Shaiɗan ya zauna min a kafaɗa yana cewa goge, a ce kamfani ne. Sai ga wani abu ya ƙara rikita ni. Iya Tani ta kira Baba ɗakinta, ban san me ta faɗa masa ba, ya fito ya ce da Inna yaron ya yi iya ƙoƙarinsa, an ƙara masa zuwa bayan azumi, ya nemi ko mene ne na halak. Kun gane? Ƙofa ta sake buɗewa. Abin da ake buƙata daga gare ni kawai in rufe bakina.

Ranar Juma'a ya zo. Ya rame, shaddar ta yi masa yawa. Agogon yana ɗaure a hannunsa. Da ya karɓi kofi na ga tafin hannunsa duk ya saɓule.

"Me ya sami hannunka?"

"Igiya ce. Mun je ni da Malam Sabo mun auna." Ya yi ɗan murmushi. "Sittin ya kamata mu ja. Hamsin da uku da rabi muka iske tsamiya. Saura igiya shida da rabi, Bushira. Ina tsaye a gindin tsamiyar ina hango inda ya kamata in riƙa tsayawa, ko kiran mutum ka yi daga nan zai ji."

Na sunkuyar da kai.

"Kada ki sa damuwa," ya ci gaba. "Ba laifinki ba ne, masu ƙera shi ne ba su da tsoron Allah. Ni ne ma zan ba ki haƙuri, kajinki sun tafi a banza. Kuma na ji abin da Baba ya ce, Allah ya saka masa. Akwai wani mai noman rani a wajen Bagauda yana neman mai kula masa da injin ban ruwa, na je mun yi magana. Ba kaki ba ne, amma aiki ne. In kin yarda da ni…"

Ni yake ba haƙuri. Da hannunsa a saɓule yake ba ni haƙuri. Na ji ba zan iya zama matar mutumin nan da wannan abu a cikina ba, in riƙa zuba masa abinci shekara da shekaru yana tsine wa kamfani. Na buɗe shafin, na ajiye wayar a kan tabarma, na tura masa.

"Duba wajen tsawo. Yaya Ghali ya ce da shi agogon yake lissafin nisa. Ni na rubuta."

Ya ɗauka. Ya daɗe yana kallo, fiye da yadda lamba uku ke buƙata.

"Kuskure ne," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Shida da takwas, a waya suna kusa. Kuskure ne ko?"

Hanya ya buɗe min, ina gani. Da na ce e, da ya karɓa da hannu biyu.

"Ba kuskure ba ne. Kaltume ce take min dariya, na rubuta don in rufe mata baki. Da ta tafi kuma… na bar shi. Ban san zai taɓa komai ba, wallahi ban sani ba."

"Kika bar shi."

"Na bar shi."

"Don ya fi miki kyau a haka."

Na kau da idona daga kansa. Ya ajiye wayar a hankali, fuskarta a ƙasa. Na jira ya yi maganar aikin, ya ce na kashe masa shekararsa ta ƙarshe, na hana shi igiya da hawayen ƙarya. Na shirya wa wannan. Ko ɗaya bai ambata ba.

"Duk sanda Iya ta tsokane ni kina dariya, na ɗauka tare muke yi," ya ce. "Da kin faɗa min tun farko. Gudu zan iya ƙarawa, Bushira, ko igiya goma ce. Wannan kuwa ba ni da yadda zan yi da shi."

Ya kwance agogon. Inda maɗaurin ya zauna fatar ta yi fari, zagaye guda. Ya ɗora shi kusa da kofin zoɓon da bai sha ba, ya miƙe, ya ɗaga murya ya yi sallama da mutanen gida kamar yadda ya saba. Daga ciki Iya Tani ta amsa, ba ta san komai ba baiwar Allah.

"Mijina, har za ka tafi? Ka ɗan yi tsalle mana in hango ka!"

Ya tsaya, hannunsa a kan keken. A shekara biyu bai taɓa barin wasan Iya ya faɗi ƙasa ba.

"A huta lafiya, Iya," kawai ya ce.

Bai hau keken ba, turawa ya yi. Na tsaya a bakin zaure da mayafina a hannu, na kasa kiran sunansa. Sai na sami kaina ina ƙirga takunsa, ƙananan takun nan nasa da na sani tun daga nesa, tun daga ƙofarmu har kwanar masallaci inda ya ɓace. Arba'in da bakwai ne. Ban ƙara masa ko ɗaya ba.

Yau kwana goma sha uku. Litinin biyu sun wuce, Juma'a ɗaya ta wuce, babu ƙarar keke, babu saƙo bayan asuba. Na tura masa uku, na ƙarshen "ka yafe min" kawai na rubuta. Lambar na gyara ta tun washegari, ɗari da sittin da takwas, ga agogon nan a kan kabad cikin hankicinsa. Jiya Baba ya tambayi Inna ko yaron ya fara zuwa Bagaudan, ta ce ba ta sani ba.

Gobe Juma'a. Ɗazu Inna ta shigo madafi ta tarar na jiƙa zoɓo. Ta kalli kwanon, ta kalle ni, ta ɗauki abin da ta zo ɗauka ta fita.